Jakar kulle waya a bakin kwamin ninƙaya: abin da muka gani cikin wata bakwai

A farkon hunturun bara ne kwamitin iyaye na ƙaramin kulob ɗin ninƙayar da ɗana yake horo a cikinsa, a nan Abuja, ya yanke shawarar sayen jakunkunan kulle waya guda 30 tare da mabuɗinsu ɗaya, bayan da kocin yaran ya shafe watanni yana kawo mana kuka cewa waya ta fi shi iko da su. Ina cikin waɗanda suka goyi bayan sayen, kuma tun da ni ne nake kai yaron da asuba sau uku a mako, na samu damar ganin yadda kayan suka yi aiki tun daga ranar da aka kwance su daga kwali har zuwa yau da wasunsu suka fara nuna gajiya. Abin da zan faɗa a nan na iyaye ne da masu horarwa da suke tunanin kashe kuɗinsu a kan irin wannan kaya.

Jakar 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce tafin hannun babban mutum da ɗan ƙari ba, an ɗinka ta da wani yadi mai kauri da laushi kamar roba. A bakinta akwai marfi biyu, ɗaya da ɗan tsinken ƙarfe, ɗaya da rami, idan aka haɗa su aka danna sai su kama juna, ba kuma za su rabu ba sai an dangwala bakin a kan wani faifai mai maganaɗisu wanda yake hannun koci. Duk wanda ya taɓa ganin abin da manyan kantuna suke maƙalawa a jikin tufafi don hana sata ya riga ya fahimci dabarar. Kamfanin da ya yi suna da wannan tsari shi ne Yondr na Amurka, wanda Graham Dugoni ya kafa a 2014, aka fara sanin jakunkunansa a wuraren wasan barkwanci da na kiɗa kafin makarantu su rungume su. Tamu ba ta wannan kamfani ba ce. Irin marasa suna ce da ake shigowa da su ana sayarwa ta intanet, saboda haka duk yabo da sukar da za su biyo baya a kan tamu suke. Kuɗin guda ɗaya bai kai na tabaran ruwa mai kyau ba, faifan buɗewar ne ya ɗan yi tsada.

Kafin a yi hukunci a kan jakar, ya kamata a tambaya ko akwai cutar da ake neman maganinta, domin akwai iyayen da suka ce mana ɓarnar kuɗi za mu yi. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Ninƙaya tana cikin wasanni ƙalilan da waya ba ta iya bin yaro cikin fili, ruwa da kansa ya fi kowace jaka iya raba yaro da wayarsa. Wanda aka ce ya yi mita 100 sau goma, yana tashi duk bayan minti ɗaya da daƙiƙa 40 bisa babban agogon da ke bango, ba shi da hannun riƙe komai, numfashi ma da ƙyar yake samu. To amma wanda ya zauna a bakin kwami ya lura zai ga cewa horon ninƙaya ba duka a cikin ruwa ake yin sa ba. Akwai rubu'in awa na miƙe jiki da ɗumama gaɓoɓi a tudu kafin a shiga, akwai bayanin da koci yake yi na abin da za a yi ranar, akwai fita zagayawa a tsakiyar horo wadda ta kamata ta ɗauki minti biyu amma take komawa goma, sannan akwai ranar gasa, inda yaro zai yi iyo na minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi bayan ya yi zaman jira na awa uku. A waɗannan gefe-gefen ne waya take cin kasuwarta. Na sha ganin yara goma sha biyu zaune a jere a kan benci da ƙarfe shida saura kwata, tawul a wuya, kai a sunkuye, hasken waya yana haska musu haɓa, koci yana busa usur karo na uku.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Wasu masu bincike a Birazil, ƙarƙashin jagorancin Leonardo Fortes, sun sa ƙwararrun 'yan ninƙaya sun yi minti 30 suna yawo a shafukan sada zumunta a wayoyinsu dab da shiga tsere, sai suka tarar cewa hakan ya jawo musu gajiyar ƙwaƙwalwa, ya kuma rage musu sauri a mita 100 da mita 200, amma bai taɓa mita 50 ba. Wannan bambanci ya yi daidai da abin da duk mai kallon wasan ya sani, domin mita 50 ƙarfi ne da fashewa, kafin tunani ya farka an taɓa bango, alhali mita 200 tana buƙatar yaro ya raba ƙarfinsa kashi huɗu, ya riƙe lissafi a kansa a daidai lokacin da huhunsa yake roƙon ya tsaya. Gaskiya ne cewa a kan gwanaye aka yi gwajin, ba a kan 'yan shekara goma sha biyu ba, amma ban ga dalilin da zai sa ƙwaƙwalwar yaro ta fi ta gwani juriya ba. Akwai kuma labarin Emily Seebohm ta Ostireliya a gasar Olamfik ta Landan a 2012, wanda kocinmu yake yawan ba yaran. A zagayen share fage na mita 100 na ninƙayar rigingine ta yi daƙiƙa 58.23, ta kafa sabon tarihin Olamfik. A zagayen ƙarshe sai ta yi 58.68 ta tsaya a azurfa, Missy Franklin ta Amurka, 'yar shekara 17, ta ɗauki zinare da 58.33, wato da lokacin da bai kai wanda Seebohm ta riga ta yi a share fage kyau ba. Bayan tseren ita da bakinta ta shaida wa 'yan jarida cewa ta daɗe a Twitter da Facebook, inda ake ta gaya mata ta riga ta ci, har ta fara jin kamar an gama alhali ba ta shiga ruwa ba. Ba zagi ne ya dame ta ba, yabo ne, kuma wannan shi ne ɓangaren labarin da na fi so iyaye su riƙe.

A makonni biyun farko jakar ta yi abin da aka saye ta dominsa, har fiye da yadda na zata. Tsarin da aka bi shi ne kowane yaro ya sa wayarsa a jaka a bakin ƙofa, ya danna a gaban mataimakin koci, ya jefa ta cikin jakar kayansa. Wannan batu na cewa wayar tana wurin mai ita shi ne babbar falalar kayan. A da, kwandon roba ake ajiyewa a kan tebur ana tara wayoyin a ciki, wata rana aka wayi gari fuskar wayar wata yarinya ta tsage, mahaifiyarta ta ce sai an biya, aka yi ta kai ruwa rana har sai da kwamiti ya haɗa kuɗi aka kashe maganar, daga nan koci ya rantse ba zai ƙara taɓa wayar ɗan kowa ba. Da jakar kuwa babu wanda ya karɓi amanar komai, babu zargin sata, babu wanda zai ce an leƙa masa saƙonni. Miƙe jiki ya koma farawa a kan lokaci, zagayawa ta koma minti biyunta, kuma wani abin da ban yi tsammani ba shi ne hayaniya ta dawo bakin kwamin, yaran suna tsokanar juna, manya suna gyara wa ƙanana igiyar tabarau. Koci ya ce mini wata safiya, yana murmushi: "Alhaji, wallahi na manta cewa yaran nan suna da surutu haka."

Fa'ida ta biyu ita ce wadda iyaye mata suka fi yabawa, kuma a ganina ita kaɗai ta isa ta biya kuɗin kayan. Kowace waya a yau kyamara ce, ɗakin sauya kaya kuma wuri ne da yara suke tuɓewa. Hukumar ninƙaya ta Amurka ta daɗe da haramta amfani da duk na'urar ɗaukar hoto ko murya, har da waya, a ɗakunan sauya kaya da bayan gida a wuraren gasarta, ta Ingila ma ta hana amfani da waya a irin waɗannan ɗakuna. Doka ce mai sauƙin rubutawa mai wuyar tsarewa, tunda babu babban da ya dace ya tsaya yana gadin yara suna sauya kaya. Jakar ta warware wannan ba tare da an sa wa kowa ido ba, domin wayar da ke kulle ba ta ɗaukar hoto. A wurinmu, inda shawo kan uba ya bar 'yarsa ta shiga wasan ninƙaya tun farko aiki ne babba, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san gida biyu da suka bar 'ya'yansu mata suka ci gaba da zuwa saboda ita.

Ta fuskar inganci kuwa, a nan ne araha ta nuna halinta. An yi jakar ne domin aji da zauren taro, ba domin wurin da iska take cike da danshi da warin kulorin ba. Zuwa wata na uku tsinken ƙarfen wasu ya fara tsatsa, na wasu ya lanƙwashe saboda yara suna danna shi a karkace da jiƙaƙƙen hannu, kuma tsinken da ya lanƙwashe ko dai ya ƙi kamawa ko ya kama ya ƙi saki. Cikin 30 ɗin da muka saya, bakwai sun tashi daga aiki zuwa yanzu, biyu daga ciki sai da aka sa almakashi aka farke su kafin a ciro wayoyin. Tsinken yana da tsini, ya soki yatsan yara fiye da sau ɗaya. Yadin yana shan ruwa yana riƙewa, idan aka bar shi cikin jakar kaya tare da jiƙaƙƙen tawul kwana biyu sai ya ɗauki wari. Kada kuma kowa ya ɗauka cewa jakar tana kare waya daga ruwa don kawai ta yi kama da roba, ba ta karewa ko kaɗan. Girmanta ma matsala ne, domin manyan wayoyin da suka cika kasuwarmu, idan aka haɗa da kauri na rigar da ake sa musu, sai an cire rigar kafin su shiga.

Faifan buɗewa guda ɗaya da muka saya kuskurenmu ne, ba na kayan ba. A horon yamma, lokacin da ake tashi dab da magariba, kowa yana sauri ya samu salla ya kuma kauce wa cunkoson hanya, sai ka ga layin yara ashirin da wani abu a gaban mutum ɗaya. Wata ranar Asabar kuma mataimakin koci ya tafi da faifan a but ɗin motarsa ya nufi ɗaurin aure, yara suka koma gida da wayoyi a kulle har washegari. Wasu iyayen sun yi fushi, wasu kuwa, ciki har da ni, mun ce da ma a riƙa mantawa duk mako.

Su ma yaran ba su zauna sun naɗe hannu ba. Ba a yi wata guda ba aka gano cewa wani yana sa tsohuwar wayar da ta mutu a cikin jakar, ta gaskiyar tana cikin takalminsa. Wani ya gano cewa maganaɗisu mai ƙarfi da aka ciro daga tsohuwar lasifika yana buɗe ta, ya zama mai mabuɗin sirri na ɗakin maza har sai da asirinsa ya tonu. Waɗanda suke da agogon hannu mai karɓar saƙo kuwa ba su ma ji an yi komai ba. Akwai wani abu mafi dabara da na lura da shi a kan ɗana: idan ba a kashe wayar ba, tana kulle amma tana girgiza a cikin jaka duk lokacin da saƙo ya shigo, kuma yaron da ya ji girgizar amma ba shi da ikon dubawa ya fi wanda ya duba shiga damuwa. Sai da aka ƙara sharaɗin cewa a kashe waya gaba ɗaya kafin a kulle ta sannan abin ya daidaita. Duk wanda zai sayi wannan kaya ya fara da wannan sharaɗi tun ranar farko.

Inda na fi samun shakku shi ne ranar gasa. Mun je wata gasa ta kwana biyu a wata jiha, koci ya ce a kulle wayoyi tun daga ƙofar shiga har a tashi. Ta wani gefen ya yi daidai, domin a bara wata yarinyarmu ta rasa tserenta ɗungurungum saboda ana ta kiran sunanta a lasifika tana can da abin sauraro a kunne tana kallon bidiyo. Wannan karon babu wanda ya rasa kira. Amma masu shirya gasar ta zauren WhatsApp suke aiko da sauyin jadawali da jerin layuka, sai ya zama koci shi kaɗai ne mai labari, yana ta kai da komo tsakanin yara yana karanta musu. Sannan akwai yaran da kiɗa ko karatun Alƙur'ani a kunne shi ne yake kwantar musu da faɗuwar gaba kafin tsere, kuma ba za a ce wannan shagala ba ce, tunda duk wanda ya kalli Michael Phelps, mai lambobin zinare 23 na Olamfik, ya san da abin sauraro a kunne yake fitowa bakin kwami. Jakar ba ta san bambanci tsakanin sautin da yake tattara hankali da saƙon da yake watsa shi ba, duka take haɗawa ta kulle. Na ga wani yaro mai yawan fargaba ya yi awa biyu yana cizon farce yana kallon abokan karawarsa suna ɗumama jiki, abin da a da yake kauce masa da sauraron abin da yake so. A gasar da ta biyo baya sai aka sassauta: aka buga jadawali a takarda aka manna a bango, aka yarda wanda yake so ya zo da 'yar na'urar sauraro marar intanet, wayoyi kuma aka kulle su daga awa ɗaya kafin tseren yaro har ya fito daga ruwa. Wannan ya fi dacewa da abin da binciken Birazil ya nuna, tunda rabin awar da ke gaban tsere ita ce abin tsaro.

Akwai kuma iyakar da jakar ba za ta taɓa tsallakewa ba, wato ƙofar gida. Likitocin barci na Amurka suna ba da shawarar cewa matashi daga shekara 13 zuwa 18 ya samu barcin awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Yaron da zai tashi ƙarfe biyar ya yi salla ya kama hanyar horo, lissafi ya nuna ya kamata ƙarfe tara ta same shi a kwance. Ɗana kuwa, a makonnin da nake ta yabon jakar a taron kwamiti, sha ɗaya da rabi take samunsa yana hira a zauren da yaran kulob ɗin suka buɗe wa kansu, suna muhawara a kan wanda ya fi wani lokaci da wanda koci ya fi so. Da safe zai miƙa wayarsa a kulle cikin ladabi, ya shiga ruwa da idanu jajaye. Awa biyun da muka ƙwato a bakin kwami ba su kai abin da dare yake cinyewa ba. Haka nan minti 25 da muke yi a mota kafin mu isa, kansa a sunkuye yake tun daga gida har ƙofa, wato kusan rabin awar nan da ake magana a kanta, kuma ni ne nake tuƙi ina gani ban ce komai ba.

Da na yi masa faɗa a kan yawan saƙo, sai ya buɗe wayar ya miƙo mini, ya ce: "Abba, duba ka ga waɗanda suke aiko mini a lokacin horo." Na duba. Cikin saƙonnin da suka shigo tsakanin huɗu da shida na yammacin ranar, uku nawa ne, ina tambaya ko ya ci abinci, ina gaya masa direba zai makara, ina tuna masa ya tambayi koci batun kuɗin rajista. Biyu na mahaifiyarsa ne. Na abokai ɗaya ne tak. A taron kwamiti na gaba da na ba da wannan labari, dariyar da aka yi ta nuna mini ba gidana kaɗai ba ne. Iyayen da suka fi kowa adawa da jakar tun farko, da aka bi diddigi, ba don 'ya'yansu suke yi ba, don kansu ne, saboda ba su saba da awa biyu ba tare da sun ji ɗuriyar yaro ba. Abin da ya kwantar da wannan shi ne lambar waya ɗaya ta kulob da aka ajiye a hannun wata daga cikin iyaye mata masu zaman jira, duk mai uzurin gaggawa ya kira ta, kuma cikin wata bakwai kiran da aka yi na gaggawar gaske bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Ga kulob ɗin da yake da yara daga goma zuwa sama, musamman idan akwai 'yan mata, ina ba da shawarar a saya, amma a saya da ido buɗe. A nemi babban girma ko da ya fi tsada kaɗan, a duba tsinken a tabbatar ba irin mai saurin tsatsa ba ne, a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan adadin yara domin waɗanda za su lalace, a sayi faifan buɗewa biyu a ɗaure ɗaya da sarƙa a jikin bango, a kuma riƙa shanya jakunkunan a inuwa duk ƙarshen mako. Ga uban da yake tunanin sayen guda ɗaya don ɗansa shi kaɗai kuwa, ban ga amfaninta ba, domin ƙarfinta yana cikin cewa kowa ya kulle tasa a lokaci guda, yaro ɗaya mai kullalliyar waya a tsakiyar goma masu buɗaɗɗu hukunci kawai zai ɗauke ta. A gidanmu abin da muka koma yi bai ci ko kwabo ba: wayarsa tana kwana a caji a ɗakina daga ƙarfe tara, a mota kuma tana cikin aljihun gaban mota har mu isa, tare da tawa, domin sharaɗin da ya kafa ke nan kafin ya yarda. Kwamiti ya amince a sayo wasu goma a cike gurbin waɗanda suka lalace kafin gasar da ke tafe, wannan karon daga wani mai sayarwa dabam, kuma an ɗora mini alhakin gwada tsinken guda ɗaya cikin kofin ruwan kwami na mako biyu kafin a biya kuɗin sauran.